Me ya sa Basine ke cewa "open the light", kuma ta ina zan ɓullo masa?

Tambaya: Malam, ina karatun digiri na biyu a birnin Nanjing na ƙasar Sin. Ni da wasu 'yan ajinmu Sinawa uku mun shirya, su koya mini Sinanci, ni kuma in taimaka musu da Turanci. Kalmar open ce ta gagare ni. Kullum sai su ce "open the light", "open the TV", har ɗaya ya ce mini "my father opens a restaurant". Na gyara har na gaji, washegari su koma gidan jiya. Da suka tambaye ni dalili sai na ce haka ake faɗa kawai. Don Allah ina ma'anar kalmar nan ta fara, ina kuma ta tsaya?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a Guangzhou, kuma ban taɓa karɓar sabon aji ba tare da wani ya ɗaga hannu a makon farko ya ce "Teacher, can I open the air-con?" Wanda ya san zafin garin nan a watan Yuli ba zai ga laifin yaron ba. Gyaranka bai kama ba ne domin kalmar Turanci kake ta duka, alhali ɓarawon yana cikin Sinanci. Sunansa kāi, ana rubuta shi 开, da karin sauti na farko, wato murya a sama a miƙe.

Tun suna firamare, inda yawancinsu suka fara Turanci daga aji uku, an rubuta musu a allo cewa open shi ne kāi ko dǎkāi, close kuma shi ne guān. Ba ƙarya aka yi musu ba, rabin gaskiya aka ba su. Asalin kāi buɗe ƙofa ne. In ka duba tsohon rubutun kalmar, 開, wanda har yanzu ake amfani da shi a Taiwan da Hong Kong, za ka ga ƙofa mai ƙyaure biyu, a cikinta hannaye biyu suna ɗage sakata. Da aka sauƙaƙa rubutu a shekarun 1950 sai aka cire ƙofar aka bar abin da ke ciki. To daga wannan ƙofar kalmar ta bazu har ta mamaye fili mai faɗin gaske: duk abin da ya fara aiki, duk abin da aka tayar, duk abin da aka sarrafa ko aka fitar, Basine yana iya sa masa kāi. Kāi dēng kunna fitila, kāi chē tuƙa mota, kāi huì yin taro, kāi yào likita ya rubuta magani, kāi dāo yi wa mutum tiyata, kāi wánxiào yin barkwanci, shuǐ kāi le ruwa ya tafasa. Open na Turanci shi ma ya bazu, amma ta wata hanya dabam ya bi, kuma har yau bai saki hoton asalinsa ba: akwai wani abu da ya tare, murfi ko ƙyaure ko shinge, an kawar da shi, yanzu ana iya shiga ko fita ko gani. Tsohuwar kalma ce tun Turancin farko, 'yar ɗaki ɗaya da up, kuma tana da 'yar'uwa a Jamusanci, offen. Fitila ba ta da abin da ya tare ta da za a kawar, wuta kawai ake ba ta. Shi ya sa Bature ke cewa turn on ko switch on.

Kai kuwa faɗuwa ta zo maka daidai da zama, domin Hausa ta riga ta yi maka rabon. Muna buɗe ƙofa, muna buɗe taga, muna buɗe akwati da wasiƙa da ido, amma fitila da rediyo da fanka kunna su muke yi, mu kashe su. Babu Bahaushen da zai ce a buɗe masa fitila. Duk lokacin da ka yi shakka, faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka. In "buɗe" ya zauna, galibi open zai zauna. In "kunna" ne ya zo bakinka, turn on ake nema. Wannan ma'aunin yana aiki har a wuraren da ba ka zata ba: buɗe asusun banki shi ne open an account, Sinawa ma kāi hù suke cewa, sojoji sun buɗe wuta shi ne opened fire, su kuma kāi huǒ. Harsuna uku, hoto ɗaya. Amma kāi qiāng, wanda a kalma da kalma yake nufin buɗe bindiga, a Turanci fire a gun ne ko shoot. Wanda ya ce "he opened the gun" ya ce mutumin ya kwance ta ne zai goge.

Bayani da baki bai taɓa yi mini aiki sosai ba, don haka na koma zuwa aji da tocila. Irin tsohuwar nan mai batir biyu da ake murɗe gindinta. Zan ɗora ta a kan tebur in kira ɗalibi ɗaya in ce "Open it." Ba ya ko tunani, zai danna makunni, haske ya fito, ya dube ni yana jiran yabo. Sai in karɓa, in kashe, in murɗe gindin a hankali, in zazzage batiran a tafin hannuna su yi ƙara, in ɗaga su sama in ce "Now it is open." Aji ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan dariya ta ɓarke daga baya. Daga ranar, duk wanda ya ce zai open the air-con sai abokansa su miƙa masa biro a matsayin sukundireba tun kafin in yi magana. Gani ya kori ji. Ka nemi tocila a kantin da ke ƙofar jami'arku, kuɗinta bai kai na kwanon taliya biyu ba.

Sai dai kada ka ce musu doka ce mai yankan shakka, don za su kama ka. Kwamfuta za su fara kawo maka. Open the laptop daidai ne in murfin ake ɗagawa, amma kāi jī, wato tayar da ita, turn on ne ko start. Da ta tashi kuma sai open ya dawo: open a file, open an app, open a window, open WeChat. Dalili shi ne waɗanda suka ƙirƙiro fuskar kwamfuta sun kwaikwayi teburin ofis ne, da fayil da jakar takardu da taga, abubuwan da dama buɗe su ake yi. Famfo ma yana tsaka-tsaki. Turn on the tap shi ne na yau da kullum a gida, amma mai gyaran famfo ko injiniya zai ce open the valve, domin da gaske akwai toshiya da ake kawarwa ruwa ya wuce. Mu ma ai muna cewa buɗe famfo, muna cewa kunna famfo. Haka fure: the flowers opened da the flowers bloomed duk sun halatta, kuma huā kāi le ya yi daidai da su.

Su kuma sani cewa ba su kaɗai ne da wannan ɗabi'a ba, don kada su ɗauka kansu ne bai ja. Balarabe yana buɗe fitila a harshensa, Baturke da Bagirke ma haka, kuma za ka ji open the light a Turancin Filifin da na Singafo. Mu nan gida namu salon muka ƙirƙiro, "on the light" da "off the fan", muka mai da on da off aikatau. Wanda ya taso da wannan ba shi da bakin yi wa Basine dariya.

Akwai wuri ɗaya da wannan kuskure ya wuce abin dariya, kuma in cikin abokanka akwai mai karatun injiniya, to ka zaunar da shi a kansa. A harshen masu aikin lantarki, open yana nufin an yanke wuta. Ka tuna tsohon makunnin nan mai kama da wuƙa: in ka ɗage wuƙar an sami rata, hanya ta yanke, wuta ba ta wucewa, shi ne open circuit. In ka kwantar da ita ƙarfe ya taɓa ƙarfe, da'ira ta rufe, wuta ta gudana, shi ne closed. Ke nan open the switch a bakin injiniya kashewa ne, close the switch kunnawa ne, kishiyar abin da kunnen Basine zai ji tsaf. Sunan makunni ma a Sinanci kāiguān ne, buɗe-rufe, inda buɗe ke nufin kunnawa.

Na ga wannan da idona a wata masana'anta a Foshan, wani birni kusa da Guangzhou. Na raka wani ɗan kasuwa daga Kano da ya je duba injin da zai saya, tare da injiniyansa. Injiniyan ya tsuguna gaban akwatin wuta, ya nannaɗe hannun riga, ya ce wa yarinyar da kamfanin ya ba mu a matsayin tafinta, "Tell them to open the breaker before I touch it." Yarinyar ta gama jami'a da sakamako mai kyau, Turancinta ya fi na mutane da yawa. Ta juya ta ce wa ma'aikata su kāi. Wani yaro har ya nufi babban makunni. Sai wani dattijon ma'aikacin lantarki da ke jingine da bango, da sigari a bayan kunne, ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya tambaye ta, "Hé zhá háishì lā zhá?" Wato a haɗa ne ko a zare? Su masu sana'ar ba sa ma amfani da kāi da guān a irin wannan wuri, suna da nasu kalmomin da ba sa rikicewa. Ta dube ni, na ce lā zhá. Ba wanda ya ƙara cewa komai, amma na ga hannun yarinyar yana rawa lokacin da take rubuta kalmar a ɗan littafinta.

Yanzu nahawu, wanda a ganina ya fi batun fitila muhimmanci a jarrabawa, ko CET-4 ce, wato jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'o'in Sin, ko IELTS. Open aikatau ne, kuma sifa ce, da siga ɗaya. A nan ɗalibanka za su riƙa rubuta "the shop is opened" suna nufin shagon a buɗe yake. Hausa tana da hanyoyi uku da suka raba maganar sarai, Sinanci ma yana da su, sai ka jera musu. Ƙofa a buɗe take: mén kāi zhe, the door is open. Wannan hali ne, ba a damu da wanda ya buɗe ba. Ƙofa ta buɗe: mén kāi le, the door opened, abu ya faru, kamar da kanta. An buɗe ƙofa: mén bèi dǎkāi le, the door was opened, akwai mai aikin ko da ba a ambace shi ba. Da zarar sun ga cewa zhe ɗinsu shi ne ke kiran open tsurarsa ba tare da -ed ba, rabin matsalar ta kau. "Is opened" ba haramun ba ne, amma sai in ana maganar aikin da ake maimaitawa, kamar the gate is opened at six every morning by the guard.

Abin da ke ƙara dagula musu lissafi shi ne kishiyar ba ta bi wannan tsari ba. Ana cewa the shop is open, amma the shop is closed, da -ed. Allon da ke rataye a ƙofar shago fuska ɗaya OPEN, ɗaya CLOSED. Ɗalibi mai son daidaito zai so ya mai da su bai ɗaya, ko ya ƙara wa na farko -ed, ko ya cire wa na biyu. In ya cire, ya faɗa wani ramin, domin the shop is close yana nufin shagon yana kusa. Kalmomi biyu ne masu rubutu ɗaya: close na rufewa yana ƙarewa da sautin z, close na kusa da sautin s. Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, ba shi da z irin namu na "zuma". Harafin z na pinyin, wato rubutun Sinanci da haruffan boko, ya fi kusa da "ts" mara ƙarfi. Saboda haka duka biyun da s suke fitowa a bakinsu. Ka sa su ɗora yatsa a maƙogwaro su ja sautin, su ji rawar da z ke yi wadda s ba ya yi. Kai da ka taso da zuma da suma, wannan wasa ne a wurinka.

Rubutu kuwa gajeren zance ne: opened, opening, n ɗaya. Ana ninka baƙin ƙarshe ne in nauyin kalma yana kan gaɓar ƙarshe, kamar begin da beginning. Nauyin open yana kan gaɓar farko, kamar happen. Sannan ka saurari yadda suke furta opened. Gaɓar Mandarin ba ta ƙarewa da d, don haka sukan liƙa wasali su ce "opende", gaɓa uku. Biyu ce.

In ka koya musu turn on, ka haɗa da wurin zaman wakilin suna tun ranar farko. Turn on the light da turn the light on duk daidai ne, amma da it sai turn it on kawai. Turn on him wata magana ce dabam, wato ya juya masa ya far masa. Akwai kuma wata ma'anar ta turn on da ta shafi sha'awa in mutum ne karɓau. Ka faɗa musu sau ɗaya a gefe don kada su yi kwaɓa a gaban mutane, ba sai ka tsaya a kai ba.

Sauran 'ya'yan kāi kada ka koyar da su a matsayin ma'anonin open, don ba su ba ne. Ka koyar da su da sunayen da suke tafiya tare, kamar yadda ake haddace mutum da garinsu: drive a car, have a meeting, prescribe medicine, tell a joke, the water is boiling. Biyu daga ciki suna da tarko. Open the meeting yana nan a Turanci, amma buɗe taro yake nufi irin namu, lokacin da shugaba ya yi jawabin farko, mu kuma a gida mu buɗe da addu'a. Wanda ya ce "I am opening a meeting, call me later" yana nufin yana cikin taro ne, I am in a meeting ya kamata ya ce. Na biyun shi ne kāi fáng, kama ɗaki a otal. "Open a room" ba Turanci ba ne, book a room ko check in ake cewa, kuma ko a Sinancin ma kalmar tana da ɗan wari in namiji da mace ake magana. 'Yan kasuwarmu da ke zirga-zirga a unguwar Xiaobei ta Guangzhou sun saba da wani kuma, "I open fapiao for you", wato zan yanka maka rasit na hukuma. Issue an invoice ne. Da yake kowa ya gane, har mutanenmu sun ɗauka suna maimaitawa, na sha jin Bakano yana ce wa mai shago "open receipt".

Inda na fi daɗewa da manyan ɗalibai shi ne open a kan mutum. Wata rana a darasin hira wata ɗaliba ta ce wa baƙuwar malama 'yar Ingila, da fara'arta, "I heard foreign girls are very open." Baƙuwar ta yi murmushi ta ce ta gode, sauran 'yan aji suka sunkuyar da kai. Kowa da abin da ya ji. A Turanci she is very open yabo ne, mutum ne da ba ya ƙunshe magana, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa. Ɗalibar kuwa kāifàng take fassarawa, wanda in an jingina shi ga mace yakan nufi ta saki jiki da maza, idonta ya buɗe fiye da kima. Lura da yadda Hausa ma ta bi ta nan: in aka ce yarinya idonta a buɗe yake, ba lallai yabo ba ne. Don haka ka raba musu kalmominsu uku. Kāilǎng, mai fara'a da son mutane, outgoing ne ko cheerful. Kāimíng, wanda ke sauraron sabon ra'ayi, open-minded ne. Tǎnshuài, mai faɗin gaskiya ba rufa-rufa, shi ne open ko frank. Kāixīn kuma, duk da cewa buɗaɗɗiyar zuciya yake nufi a zahiri, happy ne kawai. Open-hearted na Turanci mai kirki ne da sakin zuciya ga mutane, ba mai murna ba.

Ƙananan kalmomin da ke bin open su ne ke juya shi. Open with somebody, ba ka ɓoye masa komai. Open about something, ba ka ɓoye wannan al'amarin. Open to yana da fuska biyu: I am open to suggestions, ƙofata a buɗe take ga shawara, amma the system is open to abuse, tsarin yana da ɓarakar da za a iya cutarsa ta nan. Hoton dai ɗaya ne, ƙofar da aka bari a buɗe baƙo na shiga, ɓarawo ma na shiga. Daga nan sauran ma'anonin ba su da wuya. The position is still open, ba a ɗauki kowa ba tukuna. An open question, maganar da ba a yanke ba. An open ticket, tikitin da ba a sa ranar dawowa ba. An open secret, sirrin da kowa ya sani, wanda su ma suke da shi, gōngkāi de mìmì. In suna son wasanni, tuna musu Li Na, 'yar wasan tanis ta ƙasarsu, da ta ci French Open a 2011 da Australian Open a 2014. Open a nan suna ne, gasar da aka buɗe wa ƙwararru da 'yan sha'awa baki ɗaya, abin da ya fara a manyan gasannin tanis a 1968. Su gōngkāisài suke cewa.

Tunda a Nanjing kake, akwai wata fassara da za ta taso in suka fara rubuta maƙala a kan tattalin arziki. Manufar da ƙasarsu ta ɗauka a watan Disamba na 1978 ƙarƙashin Deng Xiaoping, gǎigé kāifàng, sunanta a Turancin hukuma reform and opening up. Ɗalibai sukan rubuta Open Door Policy, kuma gaskiya wasu 'yan jaridar Yamma ma sun yi amfani da shi haka. Ni dai ina hana nawa. Ga wanda ya karanta tarihi, Open Door sunan manufar da sakataren harkokin wajen Amurka John Hay ya gabatar ne a 1899, cewa manyan ƙasashe su bar wa juna damar ciniki daidai a cikin ƙasar Sin, ba tare da an nemi yardar masu ƙasar ba. Kafin nan kuma, a garin da kake zaune aka sa hannu kan yarjejeniyar 1842 bayan Yaƙin Ofiyom na farko, wadda ta tilasta buɗe tashoshin ruwa biyar, Guangzhou da Xiamen da Fuzhou da Ningbo da Shanghai. Ƙofar da mai gida ya buɗe da wadda aka ɓalle masa ba ɗaya ba ne, kuma abokanka sun fi ka sanin wannan tarihin. Da ka ambata musu 1899 ba za su sake rubuta shi ba. Ga kuma darasin nahawun ɗazu ya dawo a nan: China opened up da China was opened up, ɗan ƙaramin was ne ya raba 1978 da 1842.

Wata shawara da ba kowane malami zai yarda da ni ba: in kuna hira ana raha wani ya ce open the light, ka kunna fitilar ka ce "OK, I'll turn it on", ka ci gaba da zance. Kada ka tsayar da shi. Ɗaliban Sin sun sha jan biro tun suna yara, kuma babbar matsalarsu ba kuskure ba ce, tsoron buɗe baki ne. Su da kansu suna kiran abin yǎba Yīngyǔ, Turancin bebe. Ka ajiye tsanani ga rubutu, da batun lantarki, da batun open a kan mace. Waɗannan ukun su ne ke da tsada.

Saura mai uba da gidan abinci. Wǒ bà kāi fànguǎn yake fassarawa, kuma kāi a nan ba buɗewa ba ne, mallaka ne da gudanarwa. Yana iya yiwuwa shekara ashirin ke nan uban yana wannan sana'a. Open na Turanci kuwa aikin lokaci ɗaya ne, ranar da aka yanke kyalle. "My father opens a restaurant" a kunnen Bature kamar a ce uban nasa kullum sai ya buɗe sabon gidan abinci, ko kuwa shi ne mai riƙe da makulli da asuba. Ka tambaye shi tun yaushe. In tsohon wuri ne, my father runs a restaurant, ko owns. In bara aka fara, my father opened a restaurant last year. In ana kan shiri, he is opening one next month. Daga nan sai ka sa shi ya amsa maka tambayoyi uku da Turanci: What time does it open? Is it open on Fridays? How long has it been open? Ka saurari ko -ed zai kutso a ta biyu da ta uku. In ya tsallake, tambaye shi ko akwai alamar qīngzhēn ta halal a ƙofar gidan. Nanjing na da Musulmi 'yan ƙabilar Hui tun da daɗewa, kuma agwagwar gishirin garin ta yi suna. In akwai alamar, ka ce darasi na gaba a can za a yi, shi zai biya.